Kawu Ilu Ƙanƙara da Ɗansa Mai Tsaron Gida

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san hular nan. Hular ulu ce saƙaƙƙiya, shuɗi da rawaya, da wani tuntu a tsakar kai. A Jidda fa! A watan da in ka bar silifa a ƙofar masallaci, kafin a sallame ta yi laushi. Mutane na tafe suna raɓe-raɓe a inuwar bango, gumi na bin ƙeya, shi kuwa Kawu ga shi nan a layinmu na Waziriyya, jallabiya fara tas, ƙafa cikin sandal, kai cikin hunturun Turai. Ranar Juma'a da ranar Idi kaɗai yake sa hular mutane, kuma ana saukowa daga masallaci zai mayar da tasa. Saboda ita yaran unguwa suka laƙaba masa Ilu Ƙanƙara, shi kuma yana amsawa da murnarsa.

"Ilu, ya zol, kanka zai dahu," in ji Malam Bashir, maƙwabcinmu Bahaushen Sudan mai shagon kayan ɗinki, wanda suka shekara talatin suna abota ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. "Ya zol" ɗin nan, wato "ya kai mutum", daga can ya taho da shi.

"Kan da ke da abu a ciki shi ake rufewa," Kawu zai ce. "Naka bar shi ya sha iska."

Ga wanda bai san ni ba a cikinku, ni ce Hadiza, 'yar ƙanwarsa. A hannunsa da na matarsa Inna Mairo na tashi tun rasuwar mahaifiyata, domin su Allah bai ba su haihuwa ba. Sai dai ko sau ɗaya Kawu bai taɓa bari na ɗauka ni ce ta fari ba. In baƙo ya tambaye shi iyali, cewa yake yi, "Biyu ne. Ga macen nan, namijin yana Suwed." Haka yake kiran ƙasar Suwidin, irin kiran mutanen Nijar. Baƙo ya yi ta sa albarka, ya ɗauka karatu yaron ya tafi. Sai Kawu ya shiga ɗaki ya fito da hoton wani jibgegen Bature cikin sulke da hular kwano, tsaye a kan ƙanƙara da gora a hannu, ya miƙa masa. Na sha ganin baƙo ya dubi hoton, ya dubi Kawu, ya saci kallon Inna Mairo.

Asalin abin kuwa ga shi. Kawu ya zo aikin Hajji daga Damagaram yana saurayi, ya zauna. A shekarun da ake tone garin nan ana binne wayoyin tarho, ya samu aikin direba a wani kamfanin mutanen Suwidin, aka haɗa shi da gidan wani injiniya. Ya kai maigida aiki, ya kai uwargida kasuwa, ya kai ɗansu makaranta. Yaron shekararsa bakwai, sunansa Andas, sunan kakanninsa kuwa harshen Kawu bai taɓa yarda ya juya shi ba. Da ya gan shi ja wur, gashi kamar gemun masara, sai ya raɗa masa Jatau.

Yaron ba ya cin abinci, ba ya magana, kullum cikin kuka. An ciro shi daga garin da tafki ke daskarewa yara su buga ƙwallon gora a kansa, an kawo shi inda ba a ganin ƙanƙara sai a kofin lemo. Ya zo da gorarsa mai lanƙwasasshen baki, da ita yake kwana. Kawu bai san wasan ba, amma ya san kewar gida, shi ma ya ɗanɗana. Wata rana da la'asar sai ya tsayar da yaron a ƙofar gareji, ya ɗaure masa matashin kujera a kowace ƙafa da igiyar shanya, ya riƙa masa murfin tukunya a hannun hagu. Shi kuma ya ɗauki sandar goge daɓe da gwangwanin man takalmi, ya shiga maka masa. Duk lokacin da yaron ya runtse ido, sai Kawu ya daka masa tsawa da Hausa: "Kar ka ƙifta!"

Shekara biyar suna wannan. Yaron ya murmure, ya yi ƙiba, ya koyi cin wake da shinkafa da yaji a ɗakin direbobi, hawaye na zuba yana neman ƙari. Murfin tukunyar kuwa na Inna Mairo ne, cikin kayan aurenta, kuma ya dawo mata da lotsawa a gefe. Har yau in kuna son ku ga Inna ta ɗaure fuska, ku tambaye ta labarinsa. Da za su koma ƙasarsu, uwar yaron ta saƙa wa Kawu hular nan da hannunta, yaron kuma ya ba shi ƙwallon wasan na gaske, wata baƙar roba mai faɗi. A firiza Kawu ya ajiye shi, tsakanin kifi da kaji, wai ya ji da sanyi ake ajiye shi. Ran da Inna ta tokare ƙafar kabad da shi, kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Ita ma kalmar nan ta zauna masa a baki. Mai koyon tuƙi, mai zuwa sabunta iƙama, wato takardar zama, mai shiga jarrabawa, duk nasiharsa ɗaya ce. Ranar da za a kai ni gidan miji ina ta kuka, tsofaffi na ta yi mini wa'azin haƙuri da biyayya, sai Kawu ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Hadiza, kar ki ƙifta." Dariya ta kuɓuce mini cikin lulluɓi, dangin ango suka ɗauka shessheƙa ce.

To, Jatau ya girma, kuma abin mamaki, ya zama mai tsaron gida na gaske a wata ƙungiya ta arewacin ƙasarsu. Albashi ake biyansa ya tsaya gaban raga ana jifansa. Kawu ya ci gaba da tuƙi a kamfanin, uwar Jatau kuma takan aiko masa da kaset ɗin bidiyo na wasannin ɗanta ta akwatin gidan waya na kamfanin, biyu ko uku a shekara, da guntayen jarida. Kafin kaset ya iso hannunmu an yi wata uku da buga wasan.

Ranar kallo ranar doka ce. Juma'a bayan La'asar, a falonmu. Za a ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, har sai haƙora sun fara kaɗawa, a raba wa baƙi barguna, wai ba a kallon wasan ƙanƙara cikin gumi. Guntayen jarida kuwa a ƙarƙashin katifa suke kwana, kar wani ya ga sakamako. Da safiyar ranar Kawu zai sayi burodin tamis da ful, dafaffen waken Larabawa, ya raba wa leburorin bakin titi sadaka, don Allah ya ba Jatau nasara.

Malam Bashir ya kasa haƙuri. "Ilu, wasan nan a Rajab aka buga shi, yau muna Shawwal. Halas, shi ke nan, an ci wanda aka ci, har sun manta. Sadakar me kake yi?"

"Kai ne ke da Rajab da Shawwal," in ji Kawu. "Wanda nake roƙo ya san zan yi sadakar tun kafin a haifi masu wasan."

Maganar nan ta tsaya wa Malam Bashir a rai. Mutumin da ya yi karatu a Omdurman! Sati guda yana bincike a littattafai, ya dawo ya ce wallahi maganar ba ta kwanta masa ba, amma bai sami inda zai kama ta ba. In kuwa aka zura wa Jatau ƙwallo biyar duk da sadakar, Kawu ba ya rasa amsa. Masu tsaron baya ne ragwaye, ko kuma ful ɗin ranar ne bai dahu ba.

Mai sharhin wasan da yaren Suwidin yake magana, babu mai ji a cikinmu. Kawu ya san kalma biyar a yaren, uku daga ciki na cin abinci ne, amma shi ne tafinta. Bature ya yi ta zuba na minti guda, sai Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ya ce duk duniya babu kamar yaron nan."

"Yanzu fa?" in ji Malam Bashir, daidai lokacin da ƙwallo ya wuce ta tsakanin ƙafafun Jatau.

"Ya ce ko wane ne a wurin sai ta shiga."

Akwai shekarun da wata ƙungiya a Amurka ta ɗauki Jatau. Kawu ya yanka rago. Da kaset ya iso muka taru har da maƙwabta na layin baya, aka raba barguna, aka kunna. Wani ne daban a raga. Jatau na zaune a benci da tawul a wuya, aikinsa buɗe wa masu shiga da fita wata 'yar ƙofa. Awa biyu da rabi! Sau uku aka nuna shi, sau ɗaya yana hamma. Kowa ya kau da kai don kunya, ban da Malam Bashir.

"Ashe maigadi suka ɗauka."

"Kai ba ka san Amurkawa ba," in ji Kawu, ko gezau. "Abu mai tsada adana shi suke yi. Kuma ka dubi yadda yake buɗe ƙofar nan. Wa ya koya masa? Shekara biyar yana ganina ina buɗe wa ubansa mota."

Amurkawa sun adana shi shekara biyu cur, sannan suka mayar da shi gida ba tare da ya tsufa ko kaɗan ba. Kaset ɗin da ya zo bayan komawarsa shi ne na ƙarshe da muka samu, kuma shi ne ya jawo rigimar da ta fi kowace daɗewa. Su masu tsaron gida a wannan wasa suna da al'ada, kowa yakan sa a yi masa zane a hular kwanonsa. A wannan kaset Jatau ya fito da sabuwar hula, da hoton kerkeci ya wage baki a gaba. Can cikin wasa aka ɗauko shi ta baya, ɗan lokaci kaɗan, ƙeyarsa ta cika talabijin. Kawu ya yi wuf ya danna tsayawa. Hoton na rawa, layuka na gilmawa, a ƙeyar hular kuma akwai wani ɗan dabbare-dabbare mai ruwan ƙasa.

Kawu ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ga ni nan."

"Ina?"

"Ga kaina, ga sanda a hannuna. Ni ya sa aka zana."

Malam Bashir ya gyara tabarau, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi. "Hadiza, kawo tsumma. Ƙuda ne ya yi kashi a talabijin."

Muka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, Inna ma ta yi. Aka tambaye shi ko an rubuto masa ne, ya ce a'a. To wa ya gaya masa? Ya ce, "Sai an gaya mini? Ɗana ne."

Bayan nan da 'yan watanni kamfanin ya gama kwangilarsa ya naɗe kayansa. Kawu ya samu sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa a ƙasar, ya koma jan motar kaya a sito-siton Khumra. Akwatin gidan waya na kamfanin kuma aka rufe shi. Daga nan shiru. Shekara ɗaya, biyu, biyar, ba kaset, ba jarida, ba ko gaisuwa. Muka ji daga wani tsohon ma'aikaci cewa uwar Jatau ta rasu, sai kowa ya gane a ransa cewa dama ita ce ke riƙe da zumuncin.

Kowa ban da Kawu. Duk shekara in sanyin Turai ya kusa, zai sa Inna ta daka yaji, ya sayi dabino mai kyau, ya ɗaure a kwali ya kai gidan waya, zuwa tsohon gidan iyayen Jatau. Ba ya sa wasiƙa, wai yaji ya ishi wasiƙa. A bayan kwalin, wurin adireshin mai aikawa, da hannunsa yake zana lambar tsohon akwatin kamfanin, ita kaɗai ce rubutun boko da ya iya.

"Kawu, akwatin nan fa an rufe shi," na ce masa. "Ko ya rubuto ba zai same ka ba."

"Shi yaron ya sani. In na canza sai ya rikice."

Malam Bashir ya ce ga akwatin shagonsa, a sa lambarsa, ba ya son ko godiya. Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Wasiƙar ɗana ta biyo ta hannun mai cewa kashin ƙuda? Allah ya kiyaye."

Kaset ɗin ƙarshen nan kuwa ya sha kallo har ya fara cin kansa. Duk Juma'ar da kewa ta taso masa zai kunna, ya yi sadakarsa ta safe yadda ya saba, ya jira wurin ƙeyar, ya danna tsayawa. A lokacin mun daina dariya. Sai dai kowa ya sami abin yi a kicin.

Wata Sallah ƙarama aka ce an buɗe filin ƙanƙara na wasan yara a cikin wani katafaren kanti. Malam Bashir ya ga banza ta faɗi. Ya kwashe mu duka a motarsa, wai yau za mu ga malamin masu tsaron gida a fagensa. Kawu, yana da shekara sittin da ɗoriya, bai ja da baya ba. Ya karɓi takalmin nan mai wuƙa a ƙasa, ya ɗaure, ya tattare jallabiya, ya gyara tuntun hularsa.

"Yalla, ya ustaz!" in ji Malam Bashir.

Ƙafar dama ta shiga lafiya. Ta hagu na shiga, ta dama ta yi gabas. Sai ga Kawu tim da baya, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri. Yaran Larabawa suka kewaye shi suna ta "Salamat ya ammi!", wato sannu kawu. Aka jawo shi bakin fili kamar buhun shinkafa. Malam Bashir na dariya har tabarau ya faɗi.

Kawu ya karɓi hularsa ya kakkaɓe. "Wannan ƙanƙarar kanti ce," in ji shi. "Ta Suwed ba ta da santsi haka."

Amma da suka tafi sayen lemo, ni na zauna kusa da shi ina kwance masa takalmin. Sai na ga ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa ƙanƙarar da yatsa, ya sake ƙwanƙwasawa. A hankali ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe haka take da tauri. A kan wannan yaron nan ke ta durƙusawa." Daga shekarar nan kwalin ya ƙaru da kwalbar man zafi.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda na faɗi na kowa. Ina aikin karɓar marasa lafiya a wani asibitin kuɗi, na iya Turanci daidai gwargwado, kuma da intanet ta zo ofishinmu, wata rana na rubuta sunan Jatau na gaskiya. Na same shi. Ba zakaran duniya ba ne kamar yadda tafintanmu ke fassarawa. Mai tsaron gida ne na kirki wanda ya yi shekarunsa a ƙungiyoyi matsakaita, gwiwa ta ci amanarsa, aka yi masa aiki sau biyu, ya ajiye wasa. Yana garinsu yana koya wa yara tsaron raga. A ƙasan shafin har da inda ake aika wa makarantar tasu saƙo.

Na dawo na gaya wa Kawu. Ya zabura. "Ya ajiye aiki? Bai shawarce ni ba?" Ya sosa ƙarƙashin hula. "To, ya kyauta. Ni ma da koyar da yara na fara."

Na ce, da rabin baki, ko in rubuta masa?

"Uba ba ya neman ɗansa ta na'ura. Ya san akwatina."

Wallahi daɗi na ji da ya ƙi. Tsoro nake ji. Ina tsoron in rubuta amsa ta zo, "Wane Ilu?" Ko ta zo da ladabin nan nasu mai sanyi, an gode, muna tuna direbanmu. A raina na daɗe da komawa ɓangaren Malam Bashir. Ina ganin tsohon nan ya gina gida guda a kan shekara biyar na yaron mutane, kuma ba ni zan zama mai rushe masa ba. Da zan rubuta a ɓoye babu mai hana ni. Shekara shida ina da adireshin a cikin jakata ban taɓa shi ba, ina kiran abin tausayi.

Kawu bai yi doguwar jinya ba. Kwana tara, ran na goma da hantsi ya cika, hularsa na rataye a ƙusa. Ranar sadakar uku muna zaune, Inna na bin waɗanda aka sanar. Damagaram an buga waya, Maraɗi an buga, na Makka sun zo. Sai ta juyo ta ce, "An gaya wa yayanki?"

"Wane yaya, Inna?"

"Na Suwed mana. Ya za a binne uba a ɓoye wa ɗa?"

Inna fa! Wadda ta shekara talatin tana mitar murfin tukunya. Na ce mata ƙila ma bai tuna mu ba. Ta ce wannan tsakaninsa da Allah, namu dai mu faɗa. Washegari da safe na rubuta layi huɗu, na ce Ilu wanda ya yi wa mahaifinsa tuƙi a Jidda ya rasu. Ban ma iya rubuta kalmar uba ba.

Kafin Azahar amsa ta zo. Layi biyu ne. Ya ce yana zaune a mota ya kasa tuƙi, kuma don Allah in ba shi adireshi, adireshin da ke aiki. Ba mu da wani akwati sai na Malam Bashir, shi na bayar.

Bayan sati uku sai ga Malam Bashir da kwali a kafaɗa, yana haki yana mita, wai mutum ya mutu ma bai daina sa shi wahala ba. Muka buɗe a tsakar falo. A sama akwai damin wasiƙu ɗaure da igiyar takalmi, kowace da lambar tsohon akwatin kamfani a gaba, kowace da tambarin gidan waya an mayar wa mai ita. A cikin sabuwar wasiƙar da ya haɗo ya ce yajin bai taɓa fashi ba, ƙanwarsa ce a gidan iyayensu, ita ke kai masa. 'Ya'yansa na barbaɗa shi a dankali suna hawaye. Man zafin ma ya shafa, likitansa na dariya. Duk shekara yana amsawa, duk shekara wasiƙar tana dawowa. Ya nemi tsofaffin ma'aikatan kamfani, suka ce direbobi sun watse, kuma shi iyakar sunan da ya sani Baba Ilu. Ya ce da yajin nan kaɗai yake sanin mutumin na da rai, kuma bana ma yana jira.

A ƙasan kwalin, naɗe cikin tawul, hular kwanon ce. Ta sha duka, fenti ya ɗaɗɗaye, kerkecin ya rasa haƙori ɗaya. Malam Bashir ne ya ɗauke ta. Ya juya ta a hankali.

A ƙeyar an zana wani baƙin mutum siriri cikin farar riga, ya ɗaga sandar goge daɓe, bakinsa a buɗe yana tsawa. Gefensa ga murfin tukunya. A ƙasa kuma, da haruffan boko, an rubuta kalmomin nan uku nasa.

Malam Bashir ya cire tabarau. Ya kama gefen rawaninsa ya goge wurin, ya sake gogewa, zanen na nan. "Ga shi nan, ya zol," in ji shi. "Wallahil azim, ga shi nan."

Inna ta matso ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sai ta buga ƙirji. "Murfina ne! Ku dubi lotsawar!"

Nan muka fashe, dariya da kuka a haɗe, har maƙwabta suka leƙo su ga ko lafiya. Wasiƙar da ke saman damin, wadda ta fara dawowa, ita ce mai bayanin zanen. Tun shekarar kaset ɗin ƙarshe aka rubuta ta.

Har yau in na tuna, haushin mutum biyu nake ji. Haushin Kawu, da taurin kansa ya hana shi samun wasiƙun ɗansa saboda lambar akwati. Da haushin kaina, wanda ya fi ciwo, domin shi bai taɓa shakka ba, ni ce na yi, kuma da layi huɗu na rubuta shekara shida da suka wuce da ya ji muryar yaron kafin ya tafi. Ya gaya mini tun ranar aurena kar in ƙifta, ban ji ba.

Hular kwanon na kan talabijin yanzu, ƙeyarta na kallon ƙofa, ta ulun kuma na rataye a ƙusarta. Bana ma Inna ta daka yaji. Malam Bashir ne ya kai gidan waya, kuma shi ya rubuta lambar akwatinsa a baya, manya-manya, har sau biyu.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi sadakarsa ta kowace Juma'a, wadda ta zo kan lokaci da wadda muka ce ta makara. Ya riƙe 'ya'yan mutane biyu kamar shi ya haife su, ya Allah ka riƙe shi da rahamarka. Ka sanyaya masa makwanci, ka san yadda yake son sanyi. Amin.